Yoyon Ruwan Lagireto: Yadda Za Ka Gano Inda Yake, Ka Gyara da Kanka a Gida

Ruwan da ke sanyaya injin mota ba ya ƙarewa yadda fetur ke ƙarewa. A rufe yake zagayawa, daga inji zuwa lagireto, daga lagireto ya koma inji, famfon ruwa na tura shi. Don haka duk motar da ake yi wa ƙarin ruwa mako-mako tana yoyo, ko an ga ɗigo a ƙasa ko ba a gani ba.

Kuma ba ruwa kaɗai yoyon ke zubarwa ba, har da matsi, a nan ne ma gizo ke saƙa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In aka haɗa shi rabi da rabi da sinadarin sanyaya inji, wanda ake kira kulant, sai ya kai wajen digiri 107 kafin ya tafasa. Murfin lagireto kuma yana riƙe matsi na bar (ma'aunin matsi) 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, wasu na Turai har 1.4, wannan matsin ne ke ɗaga wurin tafasar zuwa sama da digiri 120. Injin da ke aiki lafiya yana zama tsakanin digiri 90 da 105. Ka ga ke nan da zarar huda ta saki matsin, ɗan abin da ya rage tsakanin zafin aiki da tafasa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa huda kamar ta allura ke iya sa mota ɗaukar zafi a cunkoso alhali ruwan bai yi ƙasa sosai ba.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki na iya kai zafin da matsi ne kawai ke hana shi tafasa, kana sassauta murfin zai yi tsiri ya watso maka a fuska da hannu. Ka bar motar ta huce aƙalla awa ɗaya, in da hali ta kwana. Matsa babban tiyo na sama da hannu: in ya yi tauri kamar taya mai iska, akwai sauran matsi, ka jira. In ya yi laushi, sa tsumma mai kauri a kan murfin, ka juya shi kaɗan ka tsaya, sai hucin ya gama fita sannan ka cire.

Fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko an kashe mota, saboda haka in hannunka zai shiga kusa da ita, cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. In za ka shiga ƙarƙashin mota, jak kaɗai bai isa ba, sai da madogarar ƙarfe. Sannan kulant guba ne. Yawancinsa da sinadarin etilin gilaikol ake yi, yana da zaƙi a baki, yana kuma lalata ƙoda, yara da dabbobi na iya lasa. Tare shi a mazubi mai murfi, ka goge wanda ya zube nan take, kada ka zuba a ƙasa ko a magudanar ruwa.

Shin ma ruwan lagireto ne?

Shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin gaban motar ta kwana a kai. Ruwa garau marar launi marar wari da ke ɗiga ta bayan inji, musamman bayan an kunna AC, raɓar AC ce, ba matsala ba ce. Kulant yana da launi, kore ko ja ko ruwan hoda ko shuɗi ko ruwan lemo, yana da santsi tsakanin yatsu da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. In ruwa zalla aka daɗe ana zuba wa motar, ɗigon zai fito da launin tsatsa. Baƙin mai ya fi kauri, ba ya bushewa.

Wurin da ya ɗiga a kwalin alama ce kawai. Ruwa yana bin jikin tiyo da ƙarfe ya gangara, iskar fanka ta kwashe shi, ya je ya ɗiga nesa da inda ya fito. Ka riƙa bin jiƙar daga ƙasa zuwa sama, wuri mafi tsawo da ka samu a jiƙe shi ne abin zargi. Tocila da ɗan ƙaramin madubi za su nuna maka bayan tiyo da ƙasansa. In wurin ya bushe, nemi tabon da kulant ke bari, wani gari-gari fari ko mai launin kulant ɗin, da ke taruwa a bakin kilif, wato zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo, ko a gefen lagireto.

Fara da murfi. Duba robar da ke cikinsa, in ta tsage ko ta taurare ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa fita ta robar ajiya, wato ƙaramin tankin roba da siririn tiyo ya haɗa da lagireto, ba tare da wata huda ba. Daga nan bakunan tiyo biyu manya, na sama da na ƙasa, sai ƙananan tiyo biyu da ke shiga jikin motar ta bayan inji zuwa hita. Sai layin da tankin roba na lagireto ya haɗu da alminiyom, sai gidan tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, sai ƙasan famfon ruwa, sai ita kanta robar ajiya, wadda kan tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Gwajin matsi

Wani yoyon ba ya nuna kansa sai inji ya yi zafi, kuma a lokacin yana fita yana ƙafewa. Maganinsa famfon gwajin matsi, ɗan famfon hannu ne mai agogo da ake ɗaurawa a madadin murfi. Inji a sanyaye, ruwa a cike, ka buga har allurar ta kai lambar da ke rubuce a kan murfinka, kada ka wuce, don wuce ta na iya fasa tsohon lagireto ko na hita. Ka bar shi minti 10 zuwa 15. In allurar ta tsaya cak, babu yoyo a sanyi, sai ka gwada murfin da kansa. In tana sauka, ga ka ga inji a kashe, babu zafi babu ƙara, sai ka bi a hankali har ka ga inda yake tsattsafowa. In kuwa tana sauka amma ko'ina a bushe, taɓa kafet ɗin gaba a ƙarƙashin dashbod. In ya jiƙe, ko gilashin gaba na yin hazo mai maiƙo in an kunna hita, ƙaramin lagireton hita ne. In nan ma a bushe, ruwan cikin inji yake tafiya, za mu zo kansa.

Wanda ba shi da famfon gwajin zai iya wanke wurin, ya busar, ya tada motar ta yi zafi har fanka ta tashi, ya kashe, ya tsaya yana kallo. Mintunan farko bayan kashe inji su ne lokacin da matsi ya fi yawa, domin ruwa ya daina zagayawa amma ƙarfe na ci gaba da ba shi zafi. Akwai kuma rini da ake zubawa a ruwan, wanda ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, yana da amfani ga yoyo mai wuyar sha'ani.

Kilif da tiyo

Wannan shi ne gyaran da ya fi yawa, kuma shi ya fi dacewa da gida. Kilif iri biyu ne. Akwai na sifirin da ake matsewa da filaya, wanda masana'anta ke sakawa, yana buɗewa yana tsukewa tare da tiyo yayin zafi da sanyi. Akwai mai sukuru da ake ɗaurewa da sukundireba. Mai sukuru kan saki bayan roba ta lotsa a ƙarƙashinsa, shi ya sa wani yoyon sai da safe a sanyi ake ganinsa. In haka ne, ƙara masa rabin juyi zuwa juyi ɗaya ya isa. Kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya a kan bakin roba na lagireto, zai tsage, ka tashi daga sayen kilif ka koma sayen lagireto. Na sifirin da ya yi tsatsa ko ya gaji, sauya shi ake yi.

Tiyo kuwa daga ciki yake mutuwa, galibi kusa da bakinsa. Matsa shi da yatsu kusa da kilif, ka kwatanta da tsakiyarsa. In ya yi laushi fiye da kima, ko ya kumbura, ko yana ƙaras-ƙaras a ciki, ko ya taurare yana tsatstsagewa, ya gama aiki. Wanda baƙin mai ya daɗe yana ɗiga a kansa yakan kumbura ya yi taɓo-taɓo, sai ka gyara yoyon man ma, in ba haka ba sabon zai bi sahu. Naɗe tiyo da salatif ko robar taya dabara ce ta isa gida, ba gyara ba ce.

Sayi tiyo da aka lanƙwasa daidai da motarka, ka tafi da tsohon ko lambar motar don a gwada. Ga yadda aikin yake:

1. Ajiye daro mai cin lita 10 a ƙarƙashin lagireto. Ƙananan motoci suna ɗaukar lita 5 zuwa 8 gaba ɗaya. Cire murfin sama, ka kwance matoshin da ke ƙasan lagireto. Na roba ne a yawancin motoci, da hannu ake juya shi, in ya ƙi kada ka tilasta, gara ka zare tiyon ƙasa. In tiyon sama kaɗai za ka sauya, lita 2 zuwa 3 sun isa a rage.

2. Kafin ka cire, lura da yadda tsohon ya zauna da inda kunnen kilif ke kallo. Ɗaukar hoto da waya na rage gardama daga baya.

3. Ja kilif baya, ka murɗa tiyon hagu da dama don ya saki, sannan ka ja. In ya manne, kada ka cusa sukundireba ka yi ta banƙara, haka ake fasa bakin lagireto. Tsaga tiyon a tsaye da reza, a hankali kada ka ji wa bakin ciwo, ka ɓare shi.

4. Goge bakin tas. In na ƙarfe ne mai tsatsa, bi shi da samfefa mai laushi. In tsatsa ta ci shi ta yi ramuka, sabon tiyo ba zai riƙe ba sai an sauya bututun.

5. Zura kilif a jikin sabon tiyo tukuna. Shafa ɗan kulant a cikin bakin don ya shige, ban da girisi ko baƙin mai, suna cin roba. Tura shi har ya ƙure.

6. Kilif ya zauna a bayan tudun da ke bakin bututun, ba a kansa ba, ka bar kamar milimita 5 na tiyo a bayan kilif. Tabbatar tiyon bai murɗe ba, kuma ba ya gogar fambel ko fanka.

Gidan tamostat

In ta nan yoyon yake, yawanci gasket ne, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗa, ko zoben roba ya gaji, ko kuma gidan na roba ne ya lanƙwashe. Noti biyu ko uku ne ke riƙe da shi. Tunda ka buɗe, sauya tamostat ɗin ma, da mai lambar zafi iri ɗaya, misali 82 ko 88, tana rubuce a jikinsa. Ɓangaren sifirin yana kallon inji. In yana da ɗan ƙaramin fil mai motsi a gefensa, a sama ake sa shi, ta nan iska ke wucewa. Kankare tsohon gasket ba tare da ka karce alminiyom ba, ka ɗaure notin bi da bi, kaɗan-kaɗan. Ƙanana ne, ɗaurinsu bai wuce kusan Nm 10 ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri, sun fi saurin karyewa fiye da yadda ake zato. Inda aka yi wurin don zoben roba, ba a ƙara masa gam.

Wasu kan cire tamostat su jefar wai don mota ta daina zafi. Wannan ba ya toshe yoyo, abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci jikinsa.

Lagireto

Tsofaffin lagireto na tagulla ana like su da dalma su koma aiki. Na yanzu alminiyom ne da tankin roba a gefe biyu, an danne su da haƙoran ƙarfe a kan zoben roba. In tankin ya tsage, musamman kusa da bakin tiyon sama inda ruwa mafi zafi ke shiga, robar ce ta gasu gaba ɗaya, launinta ma yakan koma ruwan ƙasa. Gam mai haɗi biyu zai iya riƙewa kwanaki, amma zafi da matsi za su ɗaga shi, ko tsagar ta ɓullo a gefe. Sauyawa ita ce gyara. Gam ya fi amfani a ƙaramar hudar da dutse ya yi a alminiyom, in an wanke an busar an karce wurin, aka kuma bar shi ya kama yadda aka rubuta a kwalinsa.

Sauya lagireto ba wuya: zubar da ruwa, zare tiyo biyu da na robar ajiya, cire soket ɗin fanka da gidanta, kwance maƙalai biyu na sama, ka ɗago shi. Abu biyu ne ke ba da matsala. A gabansa akwai wani mai kama da shi na AC, ba a kwance bututunsa, a raba su kawai a bar shi a wurinsa. Sannan a mota mai giyar atomatik, sau da yawa ƙananan bututu biyu na man giya suna shiga lagireto. Toshe su da ka cire, ka mayar da kyau, ka auna man giya bayan an gama. Kada ka manta da robobin da lagireto ke zama a kansu, a mayar da su jikin sabon.

Famfon ruwa da sauran masu wuya

Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman don ya tona asirin sil, wato abin da ke tare ruwa a cikin famfon, in ya mutu. Ɗan busasshen tabo a wurin ba komai ba ne, amma ɗigo ko jiƙa na nufin famfon ya tafi. Inji a kashe, kama fulinsa, wato faifan da ke juya shi, ka girgiza, in yana motsi ko yana gurnani lokacin aiki, boris ya lalace. In fambel ne ke juya shi a waje, mai ɗan sabo da sifana zai iya sauyawa. In kuwa taimin bel ne ke juya shi, a kai wa makaniki, a sauya bel ɗin da famfon tare, domin kuskure a taimin na iya sa fistin ya daki bawul a injuna da yawa.

Lagireton hita a yawancin motoci sai an sauke dashbod. Kafin a samu lokacin wannan, ana iya zare tiyonsa biyu a haɗa su da guntun bututu, ruwa ya zagaye shi, sai dai babu iska mai ɗumi, babu kuma busar da hazon gilashi. Akwai kuma wasu marafan ƙarfe masu kama da kofi a jikin inji, tsatsa kan huda su in an daɗe ana zuba ruwa zalla.

Zuba ruwa da fitar da iska

Nan ne aiki mai kyau kan lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk inda ruwa ya fita, iska ta shiga, kuma iskar da ta maƙale a kan inji tana hana ruwa taɓa ƙarfen da ya fi ko'ina zafi.

Yi amfani da irin kulant da littafin motar ya ce. Launi ba hujja ba ne, kamfanoni na rina shi yadda suka ga dama. Toyota na da nata ruwan hoda, Honda shuɗi, Volkswagen na da jerin G12 da G13, kuma haɗa iri daban-daban na rage ƙarfin maganin tsatsar da ke ciki, wani lokaci ya yi laka. Duba galan ɗin: in an riga an haɗa, kada ka ƙara ruwa. In mai kauri ne, raba shi daidai da tataccen ruwa marar gishiri, irin wanda ake ƙara wa batir, ka tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin datti da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ko a inda ba a sanyi, kulant na da aiki, shi ke hana tsatsa.

Ajiye motar gabanta ya ɗan fi bayanta tsawo. Mayar da matoshi, juya hita zuwa zafi na ƙarshe. In injin na da sukurun fitar da iska a gidan tamostat ko a kan tiyo, sassauta shi. Zuba ruwan a hankali ta mazurari, sirara-sirara, kana matsa tiyon sama da na ƙasa. Da ruwa ya fara fita ta sukurun babu kumfa, rufe shi. Cika lagireto har wuya, robar ajiya kuma zuwa layin sama.

Tada inji murfi a buɗe, ka bar shi a silo. Za ka ga kumfa na tasowa, ruwa na sauka, kana ƙarawa. Bayan minti 10 zuwa 20 tamostat zai buɗe, alamarsa tiyon da ke da sanyi zai yi zafi farat ɗaya, ruwan ya faɗa ƙasa. Cika, ka ɗan taka totur sau biyu ko uku, ka rufe murfin kafin ya fara amai. Jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, idonka na kan allurar zafi. Hita ta busa iska mai zafi sosai. In sanyi take busawa, ko kana jin ƙarar ruwa a bayan dashbod, ko allura na hawa da sauka, akwai sauran iska, kashe ka bari ya huce ka maimaita. Motocin da ba su da murfi a kan lagireto, ta robar ajiyar ake yin duk wannan, ita ce mai matsin.

In ruwa na ɓata amma ba ya ɗiga

Wannan yana nuni ga gasket ɗin kan inji, ko kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage, yawanci sakamakon zafin da motar ta taɓa ɗauka. Alamominsa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ya dame ya koma fari-fari a jikin sandar awo, kumfa na tasowa a lagireto ba ƙaƙƙautawa, tiyo ya yi tauri minti ɗaya ko biyu da tada mota daga sanyi, ko inji na rawa da safe. Ɗan fari a ƙarƙashin murfin mai shi kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke gajerun tafiye-tafiye kan tara raɓa a wurin. Ana tabbatarwa da wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, in ya koma rawaya hayaƙin inji na shiga ruwa. Wannan ya wuce aikin tsakar gida, kuma in ruwa ya riga ya shiga mai, kada a ci gaba da tada motar.

Maganin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto yana iya kama ƙaramar huda na ɗan lokaci, amma bai san bambancin huda da siraran hanyoyin lagireto da na hita ba, sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ba ya ɗinke tiyo, ba ya gyara sil ɗin famfo.

Bayan gyara, yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15, ka dawo ka duba wurin da tocila. Washegari da safe, inji a sanyaye, buɗe murfin lagireton kansa ka duba, kada ka dogara da robar ajiya kaɗai, domin in murfi ko siririn tiyonta na shan iska, za ta nuna cike alhali lagireto ya yi ƙasa. Saukar ruwa kaɗan a kwana ɗaya ko biyun farko ragowar iska ce ke fita, ka cika. Yi wa robar alama da biro a daidai inda ruwan ya tsaya, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako guda, ka kuma sake taɓa kilif mai sukuru da sukundireba bayan motar ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku.